Yarinyar da Ba Ta Zuwa Ɗibar Ruwa

Duk shekara ana turo mana ku, yara masu gwajin koyarwa, da takalma masu ƙyalli da waya a hannu, kuma duk shekara sai ɗayanku ya faɗi maganar nan. Bana wata doguwa ce ta faɗe ta a gindin dogon yaro, tana tsammanin kunnena ya tsufa tare da ni. Wai aikin firamare ai ba aiki ba ne: ka rubuta baƙaƙe a allo, yara su maimaita, a buga ƙararrawa kowa ya kama gabansa. Ban tanka mata ba, don a lokacin ina zura wa wani ɗan aji ɗaya mazagin wandonsa. Amma na ƙudura zan ba ku amsa a zaune. Malama Kulu ake ce mini. A Wurno na fara aikin nan, na daɗe a Goronyo, yanzu ina Rabah ina jiran lokacin ajiye shi. Sunayen yara da iyayen da zan ambata ba nasu ba ne, na sake musu.

Aikin farko da aka ba ni a Wurno baƙanta allo ne. Hedimastanmu na lokacin, Malam Dikko, wani siririn dattijo da ba a taɓa ganin hularsa a karkace ba, ya miƙo mini tsofaffin batura da ƙaro da tsumma, ya ce in fasa, in daka baƙin, in dama, in shafe allon kowane aji. Na zo da takardar shaidata ina jin ni wata ce, na koma gida farcena baƙi ƙirin. Washegari ya zagaya da ni ya nuna mini sauran kayan aikin. Ga alli, wanda ake karyawa gida biyu don ya kai ƙarshen zango. Ga ƙarfen ƙafar mota da aka rataye a bishiya, shi ne ƙararrawa. Ga tabarmi, ga tsintsiya, ga randa da moɗa a kusurwar kowane aji. Bulala ma akwai, amma a ofishinsa take zama, kuma wanda zai ɗauke ta sai ya faɗi laifin yaro da bakinsa a gaban Malam Dikko. Kafin ka gama bayani zuciyarka ta huce, yawancinmu hannu biyu muke komawa aji.

Akwai kuma wani kayan aikin da ba ya cikin abin da aka koya muku, dutse ne. Wata rana na tsayar da wani yaro bayan an tashi don in koya masa haɗa baƙi da wasali, na tura ƙofa saboda hayaniyar 'yan ƙwallo. Ba a jima ba na ji an buɗe ta. Malam Dikko ne da dutse a hannu, ya sunkuya ya tokare ƙofar da shi.

"Ɗiyata," in ji shi, "dutsen ga kayan aiki na, awa alli. In ke da yaro ɗaya kunka rage cikin aji, ƙohwa ta zamna buɗe. Ba zarginki ni kai ba. Don yaron shi san duk mai wucewa na ganinai, ke ma ki san hakanan."

Tun ranar, duk ajin da aka ba ni, kafin in nemi alli sai na nemi dutse.

Ku kuna tsammanin da yara za ku yi aiki. Da iyaye za ku yi, yaran suna tsakani. Manomi zai sauke miki buhun albasa a ƙofar aji ana saura kaɗan a fara jarrabawa, ya ce ba komai, albarkar gona ce. In kin mayar masa kin ci mutuncinsa a gari, in kin kai gida kin sayar da jan birunki. Abin da muke yi shi ne a buɗe buhun a gabansa, a raba wa duka malamai da mai gadi da masu sayar da abinci a bakin makaranta, a yi masa godiya da babbar murya. Albasar da kowa ya ci ba ta neman sakamako a wurin kowa. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar ita ce uwar da za ta zo ba ta ɗauke da komai sai magana. A kan wannan ma Malam Dikko ya ja mini kunne:

"In uwa tac ce ki yi mata alkawali kahin ta hwaɗi magana, kada ki yi. Ki bari ta hwaɗi, sannan ki gaya mata iyakar abin da ki ka iya riƙewa."

Yanzu bari in zo ga randa, don a kanta labarin yake. A makarantar da na yi aiki a Goronyo akwai famfon tuƙa-tuƙa, amma kwanakin lalacewarsa sun fi na lafiyarsa yawa. Yaro kuwa ba ya karatu da ƙishi a zafin ƙasar nan. Don haka al'adar makarantar, tun kafin in zo, ita ce da an gama taron safe maza su ɗauki tsintsiya, mata su ɗauki bokiti da jarka su gangara kanal, wato babbar hanyar nan ta siminti da ke kai ruwan dam gonaki. Gefenta a gangare yake, ga gansakuka mai santsi. Yarinya takan durƙusa a bakin simintin, ta riƙe hannun ƙawarta, ta miƙa bokiti. Ba wanda yake ganin abin a matsayin haɗari, don a gida ma haka suke yi. Kuma ba a ware kowa. 'Yar mai unguwa da 'yar mai gyaran takalmi bokiti ɗaya suke kamawa, iyaye ma suna son hakan.

Sai shekarar nan mai wuya ta zo, wadda 'yan bindiga suka tayar da ƙauyuka ta wajen Shinaka, mutane suka kwararo cikin gari da abin da kai ya iya ɗauka. Ajina, aji uku, ya cika har yara suna zama a kan taga. Allin ya ƙare muka koma rubutu da gawayi a bango. Wasu yaran da an buga ƙararrawa sai su shige ƙarƙashin tebur, muka daina buga ƙarfen, mai gadi ya riƙa tafa hannu. Randa ɗaya ba ta isa, aka ƙaro, zuwa kanal ya zama sawu biyu.

A cikin baƙin nan akwai wata yarinya da zan kira Tumba, siririya, mai hankali, ba ta da surutu. Uwarta, Hassi, mijinta ya rasu a tashin hankalin. Wata mata a unguwar da ke bayan makaranta ta sauke su a ɗakin da take ajiye albasa, saboda Allah, ba dangin iya ba na baba. Kwanan Tumba kaɗan a aji Hassi ta zo, ta laɓe a jikin bango har yara suka watse.

"Malama, magana gare ni," in ji ta, "amma sai kin rantse mani ba ta hita."

"Ba ni rantsuwa bisa abin da ban ji ba, uwar Tumba. Hwaɗi, in gaya miki abin da ni ka iyawa."

Ta duba hagu, ta duba dama, ta rage murya.

"Ciwon ga na hwaɗuwa gare ta. Ba kullum ba, ya kan daɗe bai zaka ba, kuma da sahe ya hi tashi. Na ga kuna aika su kanal. Malama, in ya kama ta bakin ruwa, shi ke nan."

Farfaɗiya take nufi, ba ta son kiran sunan. Kun san yadda mutanenmu suka ɗauki ciwon nan. Wai in yawun mai shi ya taɓa ka, ka ɗauka. Ba gaskiya ba ne, wata ma'aikaciyar asibiti ta wanke mini kai a kan wannan tun ina Wurno, amma je ki gaya wa unguwa. Na tambayi Hassi ko matar gidan ta sani.

"Wa? Kwano ɗaya ɗiyanta ka ci da Tumba. Ranar da taj ji, waje za mu kwana. Ba mu da inda za mu, Malama."

Na ce mata, "Muddin ni ka tsaye kanta, ba ta zuwa kanal, kuma ba mai ji daga bakina. Ranar da ba ni nan, wannan wata magana ta."

Ta ji rabin farko. Rabin na biyu ban ga alamar ya shiga kunnenta ba, ta tashi tana ta sa mini albarka.

Hana yarinya ɗaya ɗaukar bokiti a makarantar da kowa yake ɗauka ba ƙaramin aiki ba ne. In ka ce ba ta da lafiya, za a tambaye ka me ke damunta. Sai na ƙirƙiro mata muƙami, na ce ita ce mai allo. Da mata sun tafi ruwa, maza suna shara a fili, ita za ta goge allo, ta shimfiɗa tabarmi, ta karya alli in akwai. Yara ba wawaye ba ne. Nan da nan suka sa mata suna 'yar gaban goshin Malama. Wata uwa ta tare ni a kasuwa ta ce ashe yanzu baƙi sun fi 'yan gari daraja, 'yarta tana dawowa da wuya a sanƙare, wata tana zaune a inuwa. Na ce mata Allah ya ba da haƙuri, na ci gaba da taya tattasaina. A aikin nan wani lokaci sai ka yarda a kira ka marar adalci, kana da amsa a baki ka haɗiye ta.

Sau ɗaya ciwon ya tashi a hannuna, kuma daidai lokacin ɗibar ruwa. Tana goge allo sai na ji tsumman ya faɗi, ita ma ta bi shi. Na janye tebur daga kusa da kanta, na tura mata ɗankwalina ƙarƙashin kai, na bar ta har jijjigar ta lafa, na juya ta ta kwanta a gefe ɗaya don yawun ya zubo. Ba a sa cokali a baki, ba a danne mutum, ba a kwara masa ruwa, duk abin da kuka ga ana yi a unguwa ku bar shi a unguwa. Ƙofa a buɗe take da dutsenta, amma ni mace ce mai jiki, na zauna na ba ƙofar baya na lulluɓe ta da mayafina. Ta jiƙa zanenta, na sake mata da wanda nake ajiyewa a aji saboda irin haka. Kafin masu ruwa su dawo tana barci a tabarma, na ce kanta ke ciwo, kuma ba ƙarya na yi ba.

Haka muka tafi har aka yi mini canjin wurin aiki zuwa Rabah, inda wata makaranta ta rasa malama mace. Ba a shawara da kai a irin wannan, gaya maka ake yi. Wanda zai karɓi ajina shi ne Malam Bitrus, mutumin Zuru, Kirista, mun daɗe muna aiki tare. Malami ne na ƙwarai, kuma abin da ya sa ya zama na ƙwarai shi ne ya tayar mini da hankali. Bitrus ba ya son bambanci ko na ƙwayar zarra. Ya sha faɗa a gabanmu, da wasa da gaske, cewa ranar da ajina ya zo hannunsa muƙamin mai allo ya mutu, kowace yarinya za ta ɗauki bokiti. Na san kuma zai aikata tun safiyar farko.

Ga hanyoyin da ke gabana, ku ma ku auna. In yi shiru in tafi, na riƙe amana, yarinya ta gangara kanal. In yi masa ƙarya in ce ciwon ƙirji gare ta, zai ɗaga mata ƙafa na ɗan lokaci, ranar da ya ga tana guje-guje da ƙawaye ya miƙa mata jarka, kuma in ta faɗi a gabansa bai san abin yi ba. In gaya wa hedimastan wurin, mutumin kirki ne, amma abin da ya ji da safe majalisarsa ta ji da yamma, ga shi matar da ta sauke su Hassi 'yar'uwarsa ce. Saura hanya ɗaya, in gaya wa Bitrus gaskiya, shi kaɗai. Wannan kuwa ba na yin sa a bayan idon uwar yarinya.

Na je gidan bayan la'asar. Matar gidan ta yi ta murna Malama ta zo, ta kawo ruwa, da ƙyar na samu muka keɓe da Hassi a ɗakin albasar. Na gaya mata an ɗauke ni, na gaya mata wanda zai karɓi ajin da halinsa.

"To mi ki ka so in ce?" in ji ta.

"So ni kai in gaya ma Malam Bitrus. Shi ɗai."

Ta girgiza kai.

"Namiji na, Malama. Baƙo na. Ko addininmu ba ɗaya ba."

"Na zamna da shi shekaru, ban taɓa jin maganar wani bakinai ba. Kuma shi ka tsayuwa kanta, ba ni ba."

"Kin ce ba mai ji."

"Na ce muddin ina nan. Ga shi ba ni nan."

"To sai in hisshe ta makaranta."

"In kin hisshe ta, ke kina gonar mutane tun sahe, ita tana gida. Wa za a aika ɗibar ruwa in randar gidan ga ta ƙare?"

Ta ce in ba ta lokaci ta yi tunani. Na ce lokacin ne babu. Daga nan na faɗi abin da na zo faɗa.

"Uwar Tumba, ba izininki niz zo biɗa ba, kada in ruɗe ki. Ko kin yarda ko ba ki yarda ba, gobe ina gaya mai. Na zo ki ji daga bakina kahin shi ji."

"Ashe iyakar amanarku ke nan, ku 'yan boko," in ji ta.

Ta juya mini baya ta shiga gyaran tabarma. Ba ta rako ni ko bakin ɗaki ba, matar gidan ce ta taka mini har zaure tana tambayar ko lafiya. Maganar ta yi mini zafi, kuma ban ga laifinta ba. Ita ce za ta kwana a waje in abin ya fita, ba ni ba.

Washegari na samu Bitrus a ajin bayan an tashi. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama bai ce wayyo ba, bai ce ashe ba, sai ya ce in nuna masa yadda ake juya mutum. Na kwantar da buhun da muke zuba tsintsiya na nuna masa, ya gwada da hannunsa.

"Yaran za su ce ina son kai, Malama," in ji shi.

"Za su ce. Ni ma sun ce."

Ya dubi dutsen da ke bakin ƙofa ya tambaya ko zan tafi da shi. Na ce Rabah ma akwai duwatsu.

Na kama aiki a Rabah, zango ya wuce ban ji komai ba, a aikinmu kuwa rashin jin labari shi ne labari mai daɗi. Sai wata rana da zafi, lokacin da ake sako ruwan dam da ƙarfi saboda masu noman rani, Bitrus ya kira ni a waya. Ciwon ya tashi da safe. 'Yan mata suna kanal, ruwa ya cika shi har baki, maza suna shara can bayan fili, Tumba tana shimfiɗa tabarma ta faɗi. Ya yi duk abin da na nuna masa. Amma zanenta ya kwance a wajen jijjigar, kuma ta jiƙa shi.

"Malama," in ji shi, "na kalli dutsen nan. Da ƙafa ɗaya zan ture shi, ƙofa ta rufe, ba wanda zai gani. Amma yarinya ce a kwance ba ta cikin hayyacinta, ba sutura a jikinta, ni namiji ni kaɗai. Ban iya rufewa ba. Ban kuma iya taɓa zanenta ba."

Mace mafi kusa ita ce mai sayar da awara a bakin makaranta. Ya leƙa ya kira ta. Ta zo da gudu, da ta ga kumfa a bakin yarinya sai ta ja da baya tana salati, ta tsaya daga bakin ƙofa ta jefo mayafinta. Da shi ya rufe Tumba. Kafin azahar babu gidan da bai ji ba a unguwar.

Ya tambaye ni ko ya yi kuskure. Na ce masa da ni ce namiji a ajin nan, da dutsen yana inda yake. Ban ƙara masa da komai ba, don ba neman daɗin baki ya sa ya kira ba.

Abin da Hassi ta ji tsoro shi ya faru, ba ragi. Da farko aka ware wa Tumba kwano. Daga baya matar gidan ta ce albasar bana ta yi yawa, tana bukatar ɗakinta. Wasu iyaye suka hana 'ya'yansu zama tabarma ɗaya da ita. Bitrus ya yi iya yinsa, har yakan sa Tumba ta sha ruwa a moɗa, ya karɓa ya sha sauran a gaban aji. Yaran sun fara sakin jiki, amma yara ba su ne masu ɗaki ba. Ya sake kirana ya ce an wayi gari ba Hassi ba Tumba, ba wanda ya san inda suka nufa. Ya kuma ji cewa kafin ta tafi ta ce Malama Kulu ce ta tona mata asiri, tun daga ranar da magana ta bar baki ɗaya ta shiga na biyu ta san ƙarshenta.

To, ke doguwa mai cewa aikin nan baƙaƙe ne a allo, sai ki gaya mini. Na faɗi abin da uwa ta hana, yarinya ba ta faɗa ruwa ba. Bitrus ya bar ƙofa a buɗe, uwa da 'ya suka rasa wurin kwana. Ba wanda ya yi mugunta a cikinmu, har mai awara, don mayafinta ta bayar kuma ba ta karɓe shi ba. Ba a koyar da wannan a kwaleji, kuma ba ya zuwa da sallama. Yana zuwa ne kana riƙe da tsumma, yara suna ihu a fili, ba wanda za ka tambaya. Abin da zan iya ba ku kaɗan ne. Kada ku yi alkawarin da bai da iyaka. In za ku faɗi maganar wani, ku faɗa wa wanda yaron yake hannunsa kawai, kuma mai maganar ya fara ji daga gare ku. Bayan wannan kada ku sa ran godiya.

Damina ta wuce, aka buɗe sabon zango. Ranar farko ina baƙanta allo a ajina na Rabah, don har yau ban yarda wani ya yi mini wannan aikin ba, sai na ga inuwa ta tare hasken ƙofa. Hassi ce, ta rame, tana riƙe da hannun Tumba. Daga baya na ji ashe wani ƙanen mijinta ke aikin shinkafa a fadamar nan, wurinsa suka dawo, kuma makaranta biyu ta wuce a hanya tana tambayar inda Malama Kulu take koyarwa.

Ta yi sallama, don ba a shiga wuri ba sallama, amma ba ta gaishe ni ba. Ba ta tambayi gida ba, ba ta tambayi gajiya ba. Ta dubi randar da ke kusurwa.

"Nan ma suna ɗibar ruwa?"

"Suna yi," na ce. "Gulbi su ka zuwa."

Ta jawo yarinyar ta ɗora hannunta a kan nawa, duk da baƙin batir da ke jiki.

"To ga ta nan. Ki gaya ma wanda za ki gaya mawa."

Ta juya ta fita. Na miƙa wa Tumba tsumma na nuna mata allo, na wanke hannuna, na tafi neman malamin da ke raka 'yan mata gulbi.